Bulo Ɗari Takwas, Ba Ɗaya

Ƙarfe uku na dare a Sunderland.
Tsofaffin da nake kula da su duk sun yi barci
sai Misis Aldous, tana kiran karenta da ya mutu bara.
Na raɓa jikin hita, waya a hannu,
ina neman hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa
wadda Yahanasu ta manna wa goshi a gilashin kanti.
Ta asali fam casa'in.
Na yi ƙasa da yatsa, na ƙara yin ƙasa,
har na iske ƙanwarta, uwa daban, uba daban:
fam goma sha bakwai, har da kuɗin kawowa.
Sunan kamfanin baƙaƙe ne zalla, ba wasali,
harshe ya ɗauka ya ajiye.
Na san araha ba ta ado.
Na danna.

Kwana goma sha tara.
Kullum waya na ce mini kaya na tafe,
sun kwana a wani gari, sun tashi, sun sake kwana,
kamar baƙon da ke da dangi a kowace tasha.
Ran Talata, cikin yayyafi,
muka tsince shi bayan kwandon sharar maƙwabci.

Kwalin ya sha wuya.
Kusurwa ɗaya ta lotsa kamar kumatun marar haƙori.
Na tsaga salatif da wuƙar albasa,
wari ya taso, irin na sabon bokitin roba.
Leda tara, ba mai lamba.
Yahanasu ta juye su duka a tiren shayi,
ƙara kamar tsakuwa a kan kwano,
wani ja ya tsere ƙarƙashin firji,
muka bi shi da muciya.

Littafin bayani ba ya magana, nuni kawai,
kuma baƙi da ruwan toka duk ɗaya ne a wurinsa.
Sai a shafi na talatin muka gane
tun na shida muka saki hanya.
Muka rushe.
Wani bulon ya cije, sai an sa masa haƙori,
wani sako-sako, atishawa ta ishe shi.
Babban yatsana ya yi kanta.

Mai gadin hasumiyar, tsawonsa bai wuce dabino ba,
an buga masa fuska a karkace,
ido ɗaya na duban teku, ɗaya na duban kunne.
Na ce wannan kam a mayar musu.
Ta ce, Baba, ai haka kake
in ka dawo daga aikin dare.
Ta raɗa masa suna Malam Gyangyaɗi.

Yammaci biyu muna hawa, ja, fari, ja, fari,
sai a can ƙololuwa
inda fitila za ta zauna kan bulo rawaya guda ɗaya.
Babu shi.
Mun kakkaɓe leda tara, mun ɗaga darduma,
har safarta na sa ta cire.
Na rubuta wa kamfanin.
Kafin in ajiye waya sun amsa
da Turanci mai ladabi wanda bai ce komai ba.

Ina zaune ina jin haushin fam goma sha bakwai,
da na casa'in ɗin da ba ni da su,
ta shiga kicin ba sallama.
Ta dawo da dunƙulen magi a rigarsa mai ƙyalli,
ta tura shi cikin gurbin.
Ya ɗan yi tsayi. Ya zauna.

Yanzu tana kan taga, tana fuskantar titi.
Ta karkata kaɗan wajen masallaci, in ji uwarta,
wadda har yau ke cewa an taɓa mata magi.
In hita ta yi zafi, ɗakin kan ɗauki ƙamshin miya.
Ƙarfe bakwai da rabi nake sauka daga bas,
gari bai gama wayewa ba,
fitilar titi na bugun wannan takarda mai ruwan gwal,
ni kuma, ido ɗaya a buɗe,
ina laluben makulli.